Bututun Bandar Inna

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin idon Inna fari ba. Kullum ja, kullum da ruwa, kuma ba kuka take yi ba. Sana'arta bandar kifi. Masunta su fito da shi daga gulbin Rima ko daga bakin dam na Goronyo, ta saya, ta gyara, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke, ta jera a raga bisa rabin ganga, ta hura wuta a ƙasa. Da wannan ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, da shi ta yi mini kayan ɗaki. Duk wanda ya shiga gidanmu sai ya fita da hayaƙi a riga. A makaranta har tsokanata ake yi, wai ba sai an kira sunana ba, hanci ya riga ya shaida na zo.

Wurin bandar wani lungu ne tsakanin ɗakinta da katangar da ke kallon fadama. Baba ne ya gina katangar da hannunsa, doguwa mai kauri, ta fi ta kowa tsawo a unguwarmu, don ba ya son mai wucewa bisa raƙumi ya hango iyalinsa. A garinmu kuwa mace ba ta banda a fili. A lungu ake yi, inda babu mai ganin yawan kifinki balle ya sa masa ido. Haka Inna ta tarar, haka ta riƙe. Hayaƙi ya taso ya rasa hanyar fita, ya yi ta zagaya lungun, ita kuma tana durƙushe a tsakiyarsa tana juya kifi.

Bayan na yi aure a Wurno tari ya kama ta. Da fari ta ce mura ce. Murar ta wuce kaka ba ta tafi ba. Na zo na ja ta da ƙyar zuwa asibiti a Goronyo, ma'aikaciyar ta saurari ƙirjinta, ta haska idonta, ta ce magani zai taimaka amma muddin tana shaƙar hayaƙin nan aikin banza ake yi. Na kira yayana da ke aiki a Sakkwato na gaya masa. Shi ba ya jan magana. Ya ce banda ta ƙare, da babbar salla zai zo ya ɗauke ta, ya riga ya ware mata ɗaki.

Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma jayayya da shi. Mutumen birni take ce masa. Da na miƙa mata wayar, to kawai ta yi ta cewa. Sai da aka kashe ta juyo ta zuba mini abin da ke cikinta.

"Ba ni zuwa. In tahi in yi mi? In zamna bisa kujera ina kallon bango, a kawo min tuwo awa maras lahiya?"

Na san gaskiya ta faɗa. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, ba abin da Inna za ta nema ta rasa. Amma na san uwata. Ranar da babu kifi a kasuwa ciwon kai take yi. A raba ta da gidan nan da aikin nan, tarin ma ba zai samu abin kashewa ba. Na kuma san Yaya ma gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ni kuwa in haushi ya kama ni ba na iya zama. Na sake kiransa na ce ya ba ni zuwa sallar. In ya zo ya shiga lungun hayaƙi ya shiga idonsa, ni da kaina zan haɗa mata kaya. In bai shiga ba, ya bar ta. Ya yi dariya, ya ce Auta da rigima, ya yarda.

Ba haka kawai na yi alkawarin ba. Bayan gidanmu na Wurno akwai gidan burodi. Na daɗe ina lura da shi in na fito shanya: wuta ce ake hurawa wadda ta ninka ta Inna, amma hayaƙin duk ta wani dogon bututu yake bi ya tashi sama, masu aikin suna ta hira a bakin tanda, ido garau. Na ce abin da ya yi wa burodi zai yi wa tarwaɗa.

Na je Achida wurin wani mai walda, ya naɗe mini tsohon kwanon rufi ya zama bututu. Na ɗaura shi a kan mota zuwa gida, fasinjoji na tambayata ko bindiga ce. Sannan na sami Kawu, ƙanen Inna. Magini ne, rumbunan da ya gina sun kai har Maikujera, kuma mutum ne da in ka kawo masa sabon abu sai ya fara rantsuwa ba zai yi ba, sannan ya tashi ya kwaɓa ƙasa. Ya gina murhu na laka mai baki a ƙasa, da wurin raga a tsakiya, da murfi, ya dasa bututun a baya. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana kallonmu, ta ce dai a yi a gama a ba ta lungunta.

Lokacin ɗari ne. Muka hura wuta da safe, hayaƙi ya ƙi bututun ƙememe, ya dawo ta baki ya cika mana fuska. Kawu ya ce ai ya faɗa. Na kai hannu na taɓa kwanon, sanyi ƙalau kamar randa. Muka jira. Da ƙarfen ya ɗau ɗumi sai muka ji wutar ta canza murya, hayaƙin ya juya ya bi hanya. Na tsinci gashin kaza na riƙe a bakin murhu, ya lanƙwashe ciki, iska na jan sa. Na yi ta murna. Amma kowace safiya sai an sake wannan jiran, kuma in iska mai sanyi ta bugi kwanon, hayaƙin ya huce tun bai kai sama ba, wani baƙin ruwa ya riƙa gangarowa yana ɗiga a kan kifi. Inna ta ɗaga tarwaɗa ɗaya mai tabon baƙi ta nuna mini.

A nan na fara gane bututun ba rami ba ne kawai da hayaƙi ke bi. Sai cikinsa ya fi waje zafi yake ja. In iskar waje ta sace masa zafin ta jikin kwano, ya daina. Na gaya wa Kawu, ya ce to a sa masa riga. Ya kwaɓa laka da ciyawa ya shafe bututun har kusa da kai. Daga ranar, da an kunna 'yan karare a gindinsa ya ɗumama, sai ya kama aiki. Ɗigar ta tsaya. Na koma Wurno ina ji da kaina, har na kira Yaya na ce ya ba da ɗakin haya.

Da na sake zuwa, tun daga zaure na ji tarinta. Lungu ya turnuƙe kamar ba a taɓa yin komai ba. Na leƙa bayan murhu, sai ga tsumman buhu jiƙaƙƙe an cusa shi a wuyan bututun, an danna sosai. Ba sai na tambayi wanda ya yi ba.

Dalilinta ba na banza ba ne. Ta ce ta sa hannu a saman abin ta ji zafi na fita, zafin nan kuwa itace ne, itacen da take saye. Ta ce tun tana yarinya aka koya mata mai banda rufe wuta take yi, da buhu da tabarma da duk abin da ta samu, don hayaƙi ya zauna a kan kifi ya yi ja. Kifin da bai yi ja ba, 'yan sari raina shi suke yi. Ni kuma na zo na buɗe wa hayaƙi ƙofa yana tafiya wurin Allah a banza.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce Inna, kifin ake so ya yi ja ko idonki? Ta ce in na gama wa'azi in miƙo mata tsinke. Kawu ne ya raba mu. Ya yanko guntun kwano ya zura shi a wuyan bututun yadda za a iya turawa a ja, a rage hanya ba tare da an toshe ba. Muka gwada, ana tura shi rabi, ana zuba buntun shinkafa mai ɗan danshi a kan garwashi. Kifi ya fito ja har yana ƙyalli, itace kuma bai tafi kamar yadda take tsoro ba. Ta juya kifin ƙurungu ɗaya a hannu ta daɗe, ta ce ba laifi. Wanda ya san Inna ya san yabo ke nan.

Sai bazara ta shigo, ta haɗu da azumi. A nan abin ya so ya karya ni.

Babu tsumma a ciki, babu tsaga a laka, itace busasshe, amma da rana ta ɗaga sai bututun ya yi lalaci. Hayaƙi ya fito sama da ƙyar, ya tsaya, ya kwanto. Na riƙe gashin kaza a bakin murhu, ko motsi. Wani lokaci kuma iska ta taso daga fadama, ta haye katanga, ta faɗo cikin lungun, ta danna hayaƙin ƙasa ya fito ta baki gaba ɗaya. Tarin Inna ya dawo. Ta daina yi mini gori ma, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Na roƙi maigidana ya bar ni na zauna a gida har in ga ƙarshen abin. Na shimfiɗa tabarma a bakin lungun, da ƙishirwar azumi, ina kallon hayaƙi kamar wadda aka ba gadi. Maƙwabta suka fara cewa Auta ta samu sabon miji. Na lura da safe yana ja, da la'asar sakaliya yana ja, tsakiyar rana ne yake ƙi. Na lura lungun kansa ya zama tanda: katanga ta gasu, bangon ɗaki ya gasu, ƙasa ta gasu, iskar da ke tsakaninsu ba ta da inda za ta. Na tuna ɗari, lokacin da waje ke da sanyi, yadda wutar ke gurnani da zarar bututun ya ɗumama. Ashe ba zafin ciki kaɗai ke aikin ba. Iska mai sanyi ta fi nauyi, ita ke shiga ta ƙasa ta tura mai zafi sama. A lungun Inna da rana babu iska mai sanyi ko kaɗan, babu mai turawa.

Ban yarda da kaina ba sai da na gwada. Akwai ragowar bututu da mai walda ya bar mini. Na zuba garwashi a kasko, na ɗora ciyawa mai danshi, na kifa bututun a kai bisa duwatsu a cikin lungun. Hayaƙi ya yi ta dabur-dabur. Na ɗauki kaskon da tsumma, na fita ta zaure, na zagaya bayan katanga. A can gonakin albasa ne da na shinkafa, ana ban ruwa, iska na tahowa a kansu da ɗan sanyi-sanyi. Na ajiye, na kifa. Hayaƙi ya miƙe. Tsakanin inda ya ƙi da inda ya yarda, kaurin katangar Baba ne kawai.

Na kira Kawu ya gani da idonsa. Na ce a ƙara wa bututun tsawo ya wuce katanga. Ya ce ko an ƙara, iskar da za ta shiga ta ƙasa daga ina? Kuma gindin ba zai ɗauka ba, hadarin farko zai kayar da shi bisa ɗakin yayarsa. Saura hanya biyu. Ko a fitar da murhun bayan gida, ko a rage kan katangar daidai lungun, a huda mata ƙofofi a ƙasa iskar fadama ta shigo. Ya ce shi dai ba da bakinsa za a ji wannan ba.

Ni na faɗa mata, bayan an sha ruwa kowa ya natsu. Zancen fitar da murhu waje, ta ce ko gawarta. Tana da jikoki ta zauna a bakin hanya tana banda, kowane mai wucewa yana ƙirga mata kifi? Da na ambaci katanga sai ta juya ta zuba mata ido. Na ɗauka tunani take yi. Can ta ce:

"Wagga katanga, ni nid ɗebo ruwan da anka kwaɓa ta, ina da cikin mutumen birni. Ubanku ya aza ta da hannu nai. Abin da yab bar min ke nan."

Na ji tausayinta har cikin raina, kuma ban janye ba. Na ce Inna, salla ta matso. In Yaya ya zo ya tarar da hayaƙi zai tafi da ke, ni na yi masa alkawari. Katangar za ta tsaya cif yadda Baba ya bar ta, ke ce ba za ki kasance a cikinta ba.

Ta daina yi mini magana. In na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. In na kawo kunu, ta ce a ajiye. Aka yi ƙaramar salla a haka. Maigidana ya aiko yana tambaya ko na koma gidanmu ke nan, a kawo mini kayana. Na ce ya ƙara haƙuri. Ban sake tayar da zancen ba, ban kuma tafi ba. Kowace rana ina zaune a bakin lungun tana banda tana tari, ta san abin da zamana yake nufi. Taurin kai dai a wurinta na sha shi, ba ta da bakin ƙorafi.

Wata safiya na fito na tarar da Kawu a tsakar gida da diga a kafaɗa. Ita ta aika aka kira shi. Ba ta dube ni ba. Ta je ta dafa katangar, ta nuna masa daga nan zuwa nan, kada ya wuce. Ta kafa sharaɗi: ƙofofin ƙasa su zama ƙanana, a sa musu raga saboda kuliyoyi, kuma ƙasar da aka sare ko dunƙule ɗaya kada a fitar mata daga gida. Kawu ya yi bisimilla ya kai sara. Ƙasar ta yi tauri kamar dutse, ya ce Baba bai san wasa ba wurin kwaɓi. Inna ta shiga ɗaki ta sako labule, ba ta fito ba sai da aka gama.

Ƙasar da aka sare muka jiƙa, Kawu ya ƙara wa murhun kauri da ita, ya sake shafe bututun. Da ya bushe muka jira tsakiyar rana, lokacin da ya saba ƙi, muka hura. Ina durƙushe na ji iska mai ɗan sanyi tana lasar ƙafata ta sababbin ƙofofin. Wuta ta kama gurnani. Hayaƙi ya fita sama ya wuce, iskar da ta zo ta kan katanga ta ɗauke shi gefe maimakon ta danno shi. Da rana tsaka ba ya ja kamar na ɗari, amma yana ja. Inna ta juya raga guda cur ba ta yi tari ba. Ni ce na yi hawaye, na ce hayaƙi ne, Kawu ya ce wane hayaƙin.

Yaya ya zo washegarin babbar salla da mota, an share wa Inna kujerar baya. Ya tarar da ita tana banda, don da gangan na sa ta hura wuta a ranar. Ya tsaya ya daɗe yana kallon katangar ubansa. Na ga ransa ya sosu. Ya ja kujera 'yar tsugunno ya zauna a cikin lungun da farar babbar rigarsa, dab da murhu, kamar mai neman laifi. Ya ci tarwaɗa mai zafi da yaji. Ya shinshina hannun rigarsa. Ya tambayi Inna tarin, ta ce da sauƙi, ba ta dube shi ba. Da la'asar ya miƙe ya ce to, Auta ta ci, amma magani kada a fasa. Ya tafi da kwalin kifi a kujerar da ya share.

Na raka shi na dawo ina jin kamar in yi guɗa. Na tarar da Inna tsaye a tsakar gida ta ɗaga kai, ta kare goshi da hannu. Ta ji tafiyata ta ce:

"Auta, hayaƙin ga, bisa yaka tahiya?"

Na buɗe baki zan tsokane ta, sai na dubi inda take kallo. Ba bututun take kallo ba. Ta fuskanci can gefe, wajen rumbu, inda babu komai sai sarari. Hayaƙin kuwa ga shi nan, baƙi-baƙi a kan farin sama, ko daga fadama ana ganinsa.

Sai a nan na gane ba ta ganin hayaƙin. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ɗari abin da ke nesa ya zama hazo, kifi kuwa hannunta ya san shi, ba ya bukatar ido. Ta ce kada in gaya wa mutumen birni.

Na kama kafaɗarta na juyo da ita daidai, na ce bisa yake tafiya, Inna, a miƙe. Na ce ba zan gaya masa yau ba, amma jibi za mu tafi asibitin ido, ni da ita, a duba, mu dawo gidan nan ko da kwana nawa za a riƙe mu. Ta tsaya tana kallon inda na juya ta. Sannan ta ce to, amma a bari ta kwashe wannan kifin tukuna, kada ya ƙone.